Baba da Na'urar Hasashe

"Na'urarki ta sake kuskure, uwata," in ji Baba, ya ɗaga fuska sama daga kujerarsa. "Yau akwai ruwa."

Aikina shi ne gwada hasashen kwamfuta da ainihin gajimare. Shi kuwa shekara talatin ya yi a tashar yanayi yana karanta su da ido. Kullum nakan kawo masa taswira mu yi musu, kuma yawanci shi ke ci.

Na miƙa masa takardar. Ya kai hannu gefe, ya damƙi iska.

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Wata huɗu ke nan ba na gani. Tsoro na ji kar ki daina zuwa." Ya yi murmushi. "Da hanci nake kayar da na'urarki. Kar ki faɗa mata."