Hannun Baba a Kafaɗata

Kowa a gidanmu cewa yake Baba ya hau da ni Dutsen Dala ne don in ga gari. Ba haka ba ne.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, bayan la'asar, muka taso a ƙafa daga Zaitawa, ina jan silifas ina mita. Tun daga ƙofar gida hannunsa yana kafaɗata, yana warin fatar da yake ɗinkawa. Na ɗauka riƙe ni yake kada in faɗi.

Muna isa sama na zube a kan dutse. "Baba, ƙishirwa nake ji, mu koma."

"Tsaya tukuna, Uwata. Ina kasuwar Kurmi?"

Na nuna masa da baki.

"Da magana za ki gaya mini. Ni hayaƙi kawai nake gani."

Na ce rufin kwano ne da shirwa, babu abin kallo. Ya mayar da hannunsa kafaɗata, muka sauko.

Yanzu ko hayaƙin ba ya gani, kuma yayyena sun ce ƙafarsa ba za ta iya ba. Su suka sani. Ranar Asabar zan hau da shi a hankali, in faɗa masa garin unguwa-unguwa.