Salansar da Tsinke Ya Ɗaura

Tsinke ya riga ya rungumi akwatin sifanu lokacin da aka turo ƙaramar ƙofar garejin, wadda shi ma ta nan ya sulalo daga lungu. Wani ƙaton mutum ne ya shigo, riƙe da guntun bututun ƙarfe. Suka tsaya kallon kallo. Sai mutumin ya miƙa hannu baya, ya danna kwaɗon da ke rataye a ƙofar. Ƙyat.

Kwanan Tsinke goma sha ɗaya da fitowa daga gidan yari. A ranar da ya fito, yayarsa ta kama kunnensa a gaban 'ya'yanta ta ce, "Ka sake komawa, wallahi ko sabulu ba zan kai maka ba." Alƙali ma ya faɗi nasa, kuma nasa ya fi tsawo.

"Kai ne bakaniken?" mutumin ya tambaya ƙasa-ƙasa.

Tsinke ya kalli bututun, ya kalli kwaɗon. "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ga salansar can a kwali. A hankali za ka yi, uwargida na barci."

Babur ɗin na tsakiyar garejin, irin manyan nan na doguwar tafiya, da akwati hagu da dama, ƙurar hanya ta bushe a jikinsa. Duk unguwar an san kukansa. Tsohuwar salansar ta huje wuri uku, idan aka tayar da shi har tagogin maƙwabta rawa suke, kowa ya leƙo ya yi tsaki.

Iyakar karatun Tsinke a sana'ar nan wata huɗu ne a wurin kawunsa, kafin a kore shi kan wani batir da ya yi ƙafa. Aikin hannu kaɗan ya koya, amma bakin kawu ya kwashe shi tsaf. Ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa salansar da ɗan yatsa, ya girgiza kai cikin jimami.

"Kai, kai, kai. Wa ya taɓa muku wannan? Ai wanda ya taɓa ta ba ya tsoron Allah."

Ba ƙarya ya yi ba. Notin farko an cinye masa kusurwa, sabon ci, ƙarfen har ƙyalli yake. Mutumin ya tura hannunsa na dama cikin aljihu, ya ce a dai ci gaba.

Noti biyu na wajen inji tsatsa ta aurar da su. Tsinke ya nemi baƙin mai. Mutumin ya buɗe durowar farko, ya buɗe ta biyu, ya leƙa bayan tayoyi, sai a ta huɗu ya samo. Masu kuɗi ke nan, in ji Tsinke a ransa, ko cokalin gidansu ba su san inda yake ba. Ya ɗiga man, ya naɗe guduma da tsumma, ya riƙa bugu kamar mai lallashin jariri.

Rana ta hau kwanon rufin. Taga ɗaya ce, can sama, da ƙarafa. Babbar ƙofa a rufe, mutumin ya jingina da ita yana buga bututun a cinya. Ƙofa ta uku ta cikin gida ce, kuma duk minti biyu sai idon mutumin ya je kanta. Allah sarki, in ji Tsinke, ƙato guda, ashe shi ma a ɗaure yake.

Gumi ya cika masa ido. Sifana ta zame, ta ɗauke masa fatar yatsa, ya haɗiye ihun. Ya tuna ɗakin da ya baro, mutum goma sha tara da bokiti ɗaya. Ya sa gwiwa, ya danna da duk abin da ya rage a jikinsa. Notin ya yi ƙara, ya saki.

Tsohuwar salansar ta fito tana zubar da garin tsatsa. Ya kankare bakin injin, ya zura sabuwar, ya ɗaure notocin ɗaya bayan ɗaya yadda kawu ke yi, har da ɗan nishin nan na ƙarshe. Da ya ja baya ya duba, sai ya ji wani abu mai kama da alfahari. Bai taɓa gama aiki ba a rayuwarsa.

"A tayar mu ji, ranka ya daɗe?"

"Ba a nan ba." Mutumin ya zaro makullin babur ɗin daga ƙusar bango, ya wuce hular kwanon da ke rataye kusa da shi bayan ya auna ta da ido. Ya zare sakatar babbar ƙofa, ya tura babur ɗin waje da hannu. "Bari in zaga da shi in dawo in sallame ka. Ka tattara kayan."

Tsinke ya yunƙura zai bi shi, ƙofar ta dawo a fuskarsa. Ya ji an saƙala wani abu ta waje. Can ƙasan layi injin ya tashi, sumul, kamar kyanwa ta ƙoshi. Ko taga ɗaya maƙwabta ba su buɗe ba.

Ya girgiza babbar ƙofar. Ya ja kwaɗon ƙaramar. Yana tsaye yana auna ƙarafan tagar da kafaɗunsa, sai ƙofar cikin gida ta buɗe.

Wata mata ce, 'yar gajera, da furfura a goshi, sanye da rigar aiki mai tabon mai, tana zura safar hannu. Tsinke ya zube ƙasa, ya tattaro ladabin duniya.

"Barka da tashi, Hajiya. Bakanike ne. An gama aiki lafiya, maigidan ya ɗan fita gwaji, yanzu zai dawo."

Matar ta kalli kwalin da babu komai ciki, ta kalli wurin da babur ɗin ya saba tsayawa, sannan ta kalle shi.

"Wane maigidan? Shekarata tara ni kaɗai a gidan nan, babur ɗin kuma nawa ne."