Hannun da ke Cikin Hayaƙi

Mai hoto yana goge gilashin kyamara da bakin rigarsa, sai yarinyar ta shigo shago ta dangwarar da jaka a kan tebur.

"Baba, wai sun ce ba kai ka ɗauka ba."

Bai tambayi wane hoto ba. Hoto ɗaya ne duniya ta san shi da shi, ga shi nan rataye bayan kujerarsa. Ya ɗauke shi ranar da ma'aikatan masaƙa suka gwabza da 'yan sanda a bakin ƙofa. Hayaƙi ko'ina, kulake a sama, takalma warwatse a titi. A tsakiya wani mutum ya faɗi, ya miƙo hannu ɗaya. Hannun ya fito sarai, har zanen tafinsa ana gani, fuskar kuwa ta narke cikin hayaƙi. Jaridu suka ce hannun talaka ne yana cewa ya isa haka. Har a littattafan makaranta aka buga shi.

Shi kuwa mai hoton kullum baya yake ba shi.

Yanzu gidan tarihi zai baje hotunan faɗace-faɗacen da aka yi a da, kuma yarinyar ce ta kai sunansa. Sai wani tsohon abokin sana'arsa ya ce ƙarya ne, wannan matsoracin ba zai iya matsawa kusa haka ba, sato hoton ya yi. Masu shiri suka ce a kawo fim ɗin asali, in babu a cire hoton.

"Fim ya ɓace," in ji mai hoto.

"Kai? Kai da ko murfin biro ba ka yarwa?"

Ba shi ya haife ta ba, 'yar ƙaninsa ce. Uban ya rasu tana goye, aka ce mata ciwon kwana biyu ne. Ba ta san shi ba sai a wani hoto da ke ɗakin kakarta, yana dariya da wushiryarsa, kuma kowace safiya takan gaishe shi kamar mai rai. A hannun mai hoto ta yi wayo. Shi ya biya makaranta, shi ya kwana a asibiti da ta yi ƙyanda, shi ya ɗora mata kyamara a ido. Karatunsa ɗaya ne, har ta haddace shi: "Kada ki tsaya a ɗauka ɗaya. In kin samu hannu, juya gilashi ki nemi fuska. Kuma kada ki danna sai kin gan ta sarai."

Ta yi ta binsa, a shago da gida. Ya daina cin abincin kirki. Ya rame, wandonsa ya soma zamewa. Mutumin da ya ɓoye abu, ba ya bukatar bulala, cikinsa ne ke dukansa.

Ran nan da safe ta tare shi a tsakar gida, tsohuwa kakarta na zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ita tsohuwa tun shekarar masaƙa ba ta ƙara taka shagon ɗanta ba. Ko hoton katin shaida da aka nema, sai da ta hau mota zuwa ƙarshen gari, wani baƙo ya ɗauke ta. Mutane suka ce rigimar tsufa ce.

"Baba, yau za su cire hoton. Ni na tsaya a gabansu na rantse a kanka."

Ya dubi ƙasa. "Je ki ce musu gaskiya ne. Sata na yi."

Yarinyar ta yi tsaye kamar an dasa ta. Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "To ka dube ni ka faɗa."

Bai iya ba.

Tsohuwa ta ture tiren shinkafa gefe. "Kai, tashi ka ɗauko mata gwangwanin da ke ƙarƙashin gadonka."

"Inna, don Allah."

"Allah ɗin nake tsoro. Na riƙe maka har bayana ya ranƙwafa, ba zan shiga kabari da kayan wani ba. Ni ban yi boko ba, ban san fim ba. Amma jikin da na wanke da hannuna na san shi."

Ya shiga ɗaki yana jan ƙafa. Ya fito da gwangwani mai tsatsa, ya miƙa mata.

"Duba," ya ce. "Bayan nan ki kira ni da sunan da kika ga dama."

Ta warware fim ɗin a hankali, ta ɗaga shi ga rana, ta kara gilashin da ke girmama abu, kamar yadda ya koya mata. Ga ƙofar masaƙa. Ga hayaƙi. Ga kulake. Ga hannun, shi ne, babu ko shakka.

Ta yi tsalle tana dariya cikin hawaye. "Ga shi! Wallahi sai tsohon nan ya haɗiye maganarsa! Baba, to me kake ɓoyewa?"

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Sai idon yarinyar ya zarce zuwa ɗauka ta gaba, don ta san malaminta ba ya tsayawa a ɗaya. Ya bi ƙa'idarsa kuwa. Ya juya gilashi, ya nemi fuska, bai danna ba sai da ya gan ta sarai: mutumin da take gaisarwa kowace safiya ne, da wushiryarsa, bakinsa a buɗe, yana miƙo wa yayansa hannu ya ɗaga shi.