Tsinke a Bayan Ƙwarya

"Shekara shida a Turai, kin dawo Porto-Novo kina gaishe ni a tsaye?" in ji uwar. "Ba 'yata ba ce wannan."

Budurwar ta kifa ƙwaryar koko, ta ɗora tsinke a samanta. Haka ƙwayoyin zarrar da take nazari a Turai, waɗanda ido ba ya gani, suke yawo a mafarkinta. Ta gangaro da tsinken, ta zaga gefe, ta mayar da shi inda ya taso. Sai ga shi yana kallon wani wajen.

"Iya, ban juya shi ba. Hanyar ce a lanƙwashe. Ni ma haka ne."

Uwar ta juya ƙwaryar a hankali, har tsinken ya fuskance ta.

"Zauna ki ci abinci, malamar tsinke."