Meyo ɗin Baba

Sinancin Baba na kasuwa ne, 'yan kalmomin da ya tsinta wajen cinikin yadi. Wata la'asar, ina 'yar firamare, ya ɗauko ni daga makaranta, 'yan sanda biyu suka tare mu a bakin tashar jirgin ƙasa ta Xiaobei, can ƙasar Sin, suka nemi fasfo.

Baba ya yi murmushi ya ce, "Meyo, meyo," yana kai hannu aljihu. Shi nufinsa "babu damuwa". Su kuwa "ba ni da shi" suka ji. Matashin cikinsu ya damƙe masa wuyan hannu har carbinsa ya faɗi.

Dattijon ya dubi rigar makarantata, ya rage tsawo, ya tambaye ni da Sinanci, "Me babanki yake nufi?"

Na faɗa masa. Ya sa aka saki Baba, ya tsinci carbin, ya duba fasfon, ya miƙo su da hannu biyu.

A hanya Baba ya ce, "Kin gani, Uwata? Ya tambaya kafin ya yanke hukunci."

Yanzu a Kano nake. Masu tare ni a shingen hanya Hausarmu ɗaya da su, amma har yau ba wanda ya tambaye ni me nake nufi.