Gadon Aro

Shi ya fara gani, har gobe yana faɗa a kasuwar Yako. Bai taɓa shiga aji ba, amma yunwa biyu da kwalara sun zo sun bar shi a tsaye, wa zai koya masa kallo?

Ranar buɗe asibitin ƙauyensu, kowa na kallon sababbin gadaje, shi yana kallon motar da ta kawo su. Ta laɓe bayan gini, direba ko igiya bai naɗe ba.

"Baba, kawo Iya mu kwantar, manya su ga mara lafiya," in ji wani jami'in asibitin.

Ya san gadon aro ne. Amma wata uku matarsa tana tari a tabarma, sai ya ɗauko ta.

"Malam, ashe haka katifa take?" ta ce tana murmushi. Aka ɗauki hoto.

Kafin la'asar aka sauke ta, gadajen suka wuce garin da za a buɗe nasu asibitin washegari. Kwana tara ta ƙara a duniya.

Murmushin yana nan a kalandar da aka raba, a bangon ɗakinsa. Duk mai musu ya zo ya tsaya a gabanta ya ce ƙarya ne.