Kujerar Hagu

Tun da motar nan ta iso daga Japan, saurayinta bai ƙara yi mata kallon kirki ba. Yau ta biyo shi har gareji, ta tarar yana shafa bonet kamar mai lallashin jariri.

Ta buɗe ƙofar dama, inda ta saba zama a sauran motoci, sai ta ci karo da sitiyari. Ya yi dariya. Ita ko murmushi. Ta zagaya hagu, ta ga wata 'yar hular kwano a kan kujera, tana ƙamshin turaren mata.

"Ka ce motar tsere ce, an hana ta hawa titi, shi ya sa ba ka ɗaukata. To, wannan hular ta wace ce?"

Ya sosa ƙeya. "Ta ƙanwar maigidana ce. Ita ke karanta mini hanya in muna gudu."

"Kuma kana jin maganarta?"

"Dole. In ta ce birki, birki nake takawa."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗauke hular da yatsu biyu, ta ajiye a ƙasa, ta shiga ta ɗaura bel.

"Ni ma na iya karatu," ta ce. "Tayar mu tafi."